KANO PILLARS DA KAKA MAI ZUWA: TSOHON SUNA BA YA JEFA ƘWALLO A KWANDO

Daga Wakilinmu na Arewa, Azare

 A wannan mako za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa mu duba na kwando, domin sabuwar kakar wasanni ta babbar gasar ƙasa na tafe, kuma tambayar da masu sha'awar wasan ke yi a Arewa ita ce, ko Kano Pillars za ta iya maido da kofin gida? Ni dai amsata ita ce ba za ta iya ba, sai fa in an gina jerin 'yan wasanta bisa wani tsari dabam da wanda kulob-kulob ɗinmu suka saba da shi.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Katagum da kulob ɗin Kano, alhali kuwa Jihar Bauchi tana da nata, watau Bauchi Nets? To, ruwansa da yawa. Gasar ƙasa kashi biyu ce, akwai rukunin Atlantic na Kudu, akwai kuma rukunin Savannah na Arewa, inda Bauchi Nets da Gombe Bulls da Plateau Peaks da Niger Potters suka daɗe suna karawa da Pillars. A cikinsu duka Pillars ce ma'auni. In ta yi ƙarfi kowa a rukunin yakan tashi tsaye don ya kamo ta, in ta yi sanyi kuwa duk rukunin ne ke yin sanyi. Bayan haka, mutumin Azare da Kano ai ɗan gida ne, can kasuwarsa take, can kuma yaronsa mai son wasa zai fara kai idonsa.

Bari mu fara da abin da ba mai musunsa. Tsakanin 2008 da 2017 Pillars ta ci kofin ƙasa har sau bakwai. A 2016 ta je Alƙahira gasar zakarun kulob-kulob na Afirka ta zo ta uku. A 2017 kuwa kulob biyu na Arewa ne suka yi karon ƙarshe, Pillars ta ɗauki kofi, Gombe Bulls ta zo ta biyu. A zamanin nan na koci Sani Ahmed da kyaftin Abubakar Usman, duk kulob ɗin da ya shiga zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san ya shigo gidan maza.

Daga nan sai al'amura suka juya. A watan Yuni na 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabe biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano aka zaɓi Tijjani Umar, aka yi wani a Abuja aka zaɓi Musa Kida. Kamfanin Kwese da ya karɓi ɗaukar nauyin gasar bayan DStv bai daɗe ba, gasar ta shiga tangal-tangal, 'yan wasa suka yi ta zaman jiran ranar da ba ta zuwa. Rigimar ta sake tashi a 2022, har Gwamnatin Tarayya ta ce ta janye Nijeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Ko da yake ta sauya shawara bayan 'yan makonni, kafin nan 'yan matanmu na D'Tigress sun riga sun rasa gurbinsu na gasar kofin duniya, an ba ƙasar Mali. Idan giwaye suka yi faɗa, ciyawa ke shan wahala.

Da ƙura ta lafa, sai aka ga kofin ya sauya gida. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta zama zakara a 2019 da 2021 da 2023 da 2024, Kwara Falcons ta Ilori ta ci a 2022. Daɗin daɗawa, darajar kofin ta ƙaru ninkin ba ninki, domin a 2021 hukumar NBA ta Amurka da hukumar FIBA ta duniya suka buɗe gasar Afirka mai suna BAL a birnin Kigali na Ruwanda, wadda ake nunawa a talabijin a ƙasashe da yawa, kuma a shekarun farko zakaran ƙasa ne ya riƙa wakiltar Nijeriya. Rivers Hoopers ta je a 2021, Kwara Falcons ta je a 2023, a 2024 kuma Rivers Hoopers ta zo ta uku a duk Afirka, aka zaɓi kocinta Ogoh Odaudu gwarzon koci na shekara. Pillars mai kofi bakwai ba ta taɓa taka wannan dandali ba. Abin da ake nema ke nan a kaka mai zuwa, ba kofi kawai ba.

To, da me za a auna jerin 'yan wasan da shugabannin Pillars za su fitar? Kada mai karatu ya tsaya kan sanannun sunaye. Ya duba abubuwa huɗu.

Na farko, mai rarraba ƙwallo. Shi ne direban mota. A ƙa'idar wasa daƙiƙa 24 kawai ake ba kulob ya yi harbi, in ya wuce haka ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. A nan ne Pillars ta fi kowa a shekarunta na ɗaukaka, 'yan wasanta na baya suna da sauri da sanin juna, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Amma waɗanda suka ci kofi a 2013 da 2014 sun haura shekara goma da yin haka, kuma ƙafa ba ta ƙarya. A riƙe dattijo ɗaya ko biyu don su kwantar wa yara hankali idan wasa ya yi zafi, amma lalle ne ragamar ta koma hannun ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ko Rivers Hoopers da ta tashi tafiya Afirka a 2024, ta nemo mai rarrabawa, ta ɗauko Ba'amurke Will Perry.

Na biyu, masu harbi daga nesa. Layin maki uku yana da nisan mita 6.75 daga kwando, kuma wasan zamani ya koma can. Kulob-kulob ɗinmu na Arewa sun fi son kutsawa da ƙarfin ƙirji. Wannan yana ci a gida, amma da zarar an haɗu da masu wayo sai su cunkushe ƙarƙashin kwando su ce bismilla, harba daga waje mu gani. Jerin da babu aƙalla mutum uku da ake tsoron hannunsu daga nesa, ba zai wuce zagayen ƙarshe ba.

Na uku, dogaye. Kwando yana sama da ƙasa mita 3.05, watau ƙafa goma, kuma duk ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo, wanda ya fi tsawo da ƙarfi shi ke cafe ta. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, dogon tsakiya kuwa shi ya fi kowa saurin tara laifi saboda a wurinsa ake gwabzawa. Kulob mai dogo ɗaya tal yana tafiya ne da taya ɗaya ba safaya. Ana bukatar uku, biyu da za a iya sa su tare, ɗaya yana jira.

Na huɗu, benci. Mutum biyar ke cikin fili amma sha biyu ake rubutawa, wasa kuma kashi huɗu ne na minti goma-goma. A zagayen ƙarshe na gasarmu akan tara kulob-kulob a gari ɗaya su yi ta wasa kusan kullum. A rana ta farko gwanaye biyar sun isa. A rana ta huɗu, mutum na takwas da na tara ne ke cin wasa.

Duk waɗannan ba sa samuwa sai da kuɗi a kan lokaci. Al'adar kulob-kulob ɗin gwamnatocin jihohi ita ce a yi shiru har sai saura mako biyu, sa'an nan a saki kuɗi, a kira yara a guje, a ɗinka riguna, a sa su a mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan wasa ɗan Adam ne mai iyali, in bai ga albashi ba sai lokacin gasa, duk wanda ya miƙo masa takarda ta shekara guda zai bi shi, ko Kudu ko ƙetare, kuma ba wanda zai zarge shi. Asirin Rivers Hoopers ba wani tsafi ba ne, koci ɗaya ne ya daɗe a kan aiki, 'yan wasa suka daɗe tare. Abin da Pillars ta yi ke nan a da, wasu suka koya suka wuce ta.

Saura maganar tushe, wadda ta fi shafar mu a nan Katagum. Daga ina sababbin yaran za su fito? Ƙasar nan ta ƙananan hukumomi bakwai, Katagum da Jama'are da Shira da Giyaɗe da Itas-Gadau da Zaki da Gamawa, cike take da samari dogaye, wanda duk ya shiga kasuwar Azare ko ta Gamawa zai gani da idonsa. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga Jami'ar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ga makarantun sakandare birjik. Amma a garuruwanmu kowane lungu da filin ƙwallon ƙafa, na kwando kuwa sai an yi tambaya. Alhali fili ne ɗan ƙarami, mita 28 ne da 15, daɓen siminti da ƙarafa biyu. Kamfanin Nestlé yana shirya gasar Milo ta makarantun sakandare tun 1999, ƙofa ce a buɗe ga duk makarantar da ke da fili da malami.

Kada wani ya ce wasan ba na 'yan Arewa ba ne. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya fara wasa yana yaro a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan yaro na Zariya shi ne shugaban Toronto Raptors ta Kanada lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Fili ɗaya da malami ɗaya mai haƙuri suka yi wannan aiki. Da Pillars da Bauchi Nets za su riƙa turo koci Azare sau biyu a shekara ya zaɓi yara 'yan sha huɗu zuwa sha shida, da cikin shekara biyar sun daina neman dogaye a wani wuri.

Ga hasashena. Suna da tarihi da magoya baya za su iya fitar da Pillars daga rukunin Savannah su kai ta zagayen ƙarshe. Daga nan kuwa sai abin da ke cikin jeri. In an shiga sansani da wuri, an biya yara haƙƙinsu, an samo dogaye uku da masu harbi, za ta iya shiga cikin huɗun farko, kuma wanda ya kai nan komai na iya faruwa. In kuwa an bi tsohuwar hanya, za mu sake zama a gaban talabijin muna kallon wasu suna wakiltar Nijeriya. Ita Bauchi Nets, abin da ya kamace ta a bana shi ne ta tsaya da ƙafarta a rukuni ta kuma cika benci da yaran jiha, kofi ya jira tukuna.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Sabon Badun, kuna da naku aikin. In kuka ji kulob ɗin Arewa ya zo zauren wasanni na Surulere ko Fatakwal, ku rufe rumfa na awa biyu ku je ku yi musu tafi, baƙo ba ya jin daɗi sai ya ji muryar gida. Ƙungiyoyinku na 'yan asalin Katagum da ke tara kuɗi don taimakon gida, su sa daɓen fili ɗaya a makarantar garinsu cikin lissafin bana. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma maido ku gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.