Daga resilin ɗin Japan zuwa gidan dambe: Abin da ɗan kallo ya yi wa ihu shi ake ƙara masa

Ranar wata Asabar bayan sallar Isha'i na tsaya shan shayi a teburin da na saba zama a bakin Ƙofar Kuyambana, ko Ƙofan Kuyambana kamar yadda mu Zazzagawa muke faɗa. Babu wuta, janareton mai cajin waya ne kawai ke ruri. A ƙarshen benci samari biyar sun haɗa kai a kan waya guda suna ta ihu. Na ɗauka ƙwallo ce. Da na leƙa sai na ga resilin ne na ƙasar Japan, irin wanda ake yi biyu da biyu, ɗaya yana cikin fili, abokinsa yana jira a bayan igiya har sai an taɓa hannunsa.

Haka dokar take, amma a bidiyon babu wanda ya jira wani. An bangaje alƙali ya faɗi, wasu ƙarti da ba sa cikin wasan sun faɗo fili, an ɗauko kujerar ƙarfe an maka wa wani a gadon baya. Da alƙalin ya farfaɗo sai ya ƙirga uku, ya ba masu maguɗin nasara.

Nan take benci ya rabu biyu. Wani ya ce wallahi duk ƙarya ce, fim ne kawai. Abokinsa ya ce to in fim ne me ya hana ka tashi? Ana cikin haka ɗayansu ya juya wajen wani dattijo mahauci da ke gefe, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa, ya ce, “Baba, kai me ka gani?”

Dattijon ya ajiye kofi ya ce, “Yaro, ni ba su nake kallo ba, ku nake kallo. Lokacin da ake kokawa tsakani da Allah babu wanda ya ce uffan a cikinku. Da aka ɗauko kujera duk kuka miƙe tsaye.”

Tun ranar maganar nan take yi mini yawo a rai. Ra'ayina shi ne, gardamar ko resilin gaskiya ne ko ƙarya ɓata lokaci ce. Kowa ya san tun kafin a shiga fili an tsara wanda zai yi nasara. Abin da ba a tsara ba shi ne mu 'yan kallo. Kuma a kowane wasan ƙarfi, na Tokyo ne ko na garinmu, abin da ɗan kallo ya yi wa ihu shi mai shirya wasa zai ƙara masa gobe, jikin ɗan wasa kuma shi zai biya kuɗin.

Abin da ya faru a Japan

Tarihin resilin a Japan tarihin 'yan kallo ne. A watan Fabrairun 1954, shekara tara bayan ƙasar ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, Rikidozan da Masahiko Kimura suka kara biyu da biyu da wasu ƙartin Turawa 'yan uwan juna, Ben da Mike Sharpe. A lokacin gidaje kaɗan ne ke da talabijin, don haka dubban mutane suka yi cincirindo a gaban akwatunan da aka kafa a bakin titunan Tokyo. Abin da jama'a ke so su gani shi ne nasu ya kayar da baƙo, shi kuwa aka yi ta ba su. Saboda haka ne ma aka ɓoye musu cewa gwarzon nasu Rikidozan haifaffen Koriya ne.

Ranar 27 ga Disambar 1987 kuma 'yan kallon suka nuna cewa su ne masu gida. A zauren Ryogoku da ke Tokyo, kamfanin New Japan ya sauya jadawalin wasannin daren a gaban idonsu, sannan wani baƙon ƙato mai suna Big Van Vader ya gama da gwarzonsu Antonio Inoki cikin ƙasa da minti uku. Mutane suka fusata, suka yi ta jifa da matasan zama, wuri ya hargitse. Masu zauren suka hana kamfanin sake yin wasa a wurin har sai 1989.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mitsuharu Misawa. A shekarun 1990 ya yi suna da wani salon wasa mai tsanani, inda ake ɗaga mutum a sako shi ta ka ko ta wuya. Duk lokacin da aka yi haka zaure sai ya kaure da tafi, wasa na gaba kuma sai an yi wanda ya fi shi. Ranar 13 ga Yunin 2009, a birnin Hiroshima, a wani wasan biyu da biyu, aka ɗaga shi aka kayar ta baya kamar yadda aka saba. Bai sake tashi ba. Yana da shekara 46. An tsara sakamakon wasan, amma ba wanda ya tsara wa wuyansa.

To mu ina ruwanmu?

Ruwanmu shi ne muna da namu wasan, kuma namu babu tsari a ciki. A dambe, wanda ya naɗa zare ya shiga fili da gaske yake kai naushi, wanda ya faɗi da gaske ya faɗi. Turmi uku ne, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Dokar gajeriya ce, amma ita ce ta raba dambe da faɗan kan titi.

A da wasan mahauta ne da ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, ana bin gari gari da kalangu. Wanda ya ji yadda Ɗan Anace ya wasa Shago ya san cewa ƙwarewa da jarunta ake yaba wa. Yau dambe ya zama sana'ar kullum a gidaje irin na Ado Ɗan Ƙwaure a Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei da ke Abuja, ana karawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramaɗa. Sannan ya hau waya. Tun da tashar Dambe Warriors ta fara sa wasanni a YouTube a 2017, miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin kalangu ba suke kallon 'yan damben Arewa.

Wannan abin farin ciki ne, domin ya kawo kuɗi da suna ga yaran da a da ake yi wa kallon 'yan tasha. Amma waya tana da nata halin. Ba ta son turmi uku na dabara da kare kai da aka tashi babu kisa. Tana son daƙiƙa goma sha biyar da aka sumar da mutum, a maimaita a hankali, a ɗora kiɗa. Duba wayarka ka gani: a cikin bidiyon damben da aka turo maka a WhatsApp ko ka gani a TikTok, nawa ne na wasa mai kyau, nawa ne na wanda ya faɗi yana shure-shure?

Ni kaina na taɓa tsayawa a wani gidan dambe na ga an kashe wani matashi da naushi a muƙamuƙi. Aka ja shi gefe aka kwara masa ruwa, ya miƙe yana tangaɗi. Bayan kwana biyu na sake ganinsa a fili ya naɗa zare, 'yan ɓangarensa suna zuga shi ya rama. Ban hana ba. Gaskiya ma ina cikin waɗanda suka ɗaga waya.

Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa bugu na biyu a ka kafin ƙwaƙwalwa ta warke daga na farko yana iya nakasa mutum ko ya kashe shi. Shi ya sa a damben zamani wanda aka sumar sai ya huta wata guda ko fiye kafin a bar shi ya sake shiga fili. A wurinmu sau da yawa yunwa da ihun jama'a ne ke yanke ranar komawa.

Masu cewa a bar dambe yadda yake

Na san abin da wasu za su ce. Dambe ba wasan yara ba ne, wanda ya shiga ya san abin da ya shiga, kuma in aka cika shi da dokoki zai yi lami, mutane su watse, yaran su rasa abinci.

Maganar abinci gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma zancen cewa sai da hargitsi ake samun 'yan kallo, maƙwabtanmu sun ƙaryata shi. Tun 1975 Jamhuriyar Nijar take gudanar da gasar kokawar gargajiya ta neman takobi. Yanzu jihohi takwas ne ke kawo 'yan kokawa goma-goma, da alƙalai da ƙa'ida da lokaci. Idan ana gasar, daga Maraɗi har Damagaram kowa na maƙale da rediyo ko talabijin, kuma sunan Issaka Issaka na Dosso ya shigo har Najeriya. Ba kujera aka maka wa kowa ba kafin a samu wannan.

Batun cewa ɗan dambe ya san abin da ya shiga kuma, ya san naushi. Bai yi alkawarin a haɗa shi da wanda ya ninka shi jiki don a samu bidiyo mai tashe ba. Bai yi alkawarin magoya baya su faɗo fili da sanduna idan alƙali ya yanke hukuncin da bai yi musu ba. Kuma bai yi alkawarin a mayar da faɗuwarsa abin dariya da za a yi ta yawo da shi har ya isa wayar mahaifiyarsa ba.

Wannan na ƙarshe ma Japan ta ga ƙarshensa. A watan Mayun 2020 wata 'yar resilin mai shekara 22, Hana Kimura, ta rasa ranta bayan an yi mata ruwan zagi a shafukan sada zumunta kan wani shirin talabijin da ta fito a ciki. Lamarin ya girgiza ƙasar har a 2022 aka tsaurara dokar cin mutunci, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara guda. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya rage gare mu

Akwai aikin masu gidajen dambe da sarakunan dambe da hukumomin wasanni na jihohi: a ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fili, a duba jiki da nauyi kafin a haɗa wasa, a tilasta wa wanda aka sumar hutu, a kare alƙali. Wasu masu shirya gasa sun fara yin haka, kuma damben bai mutu ba.

Amma mai gidan dambe ɗan kasuwa ne, abin da ake saye shi yake kasawa. Idan ya ga wasan da aka yi da ƙwarewa shi ke jawo mutane da liƙi, shi zai nemo. Idan ya ga jini da rigima ne, su zai nemo. Kuɗin ƙofa namu ne, datar da ake kallo da ita tamu ce, yatsan da ke turawa gaba namu ne.

Ban ce kowa ya daina kallon resilin ba. Samarin nan na teburin shayi nishaɗi suke yi, kuma waɗanda ke cikin bidiyon sun yi shekaru suna koyon yadda ake faɗuwa. Abin da nake tsoro shi ne idon da ya saba da kujerar ƙarfe ya je gidan dambe da yamma yana neman irinta a jikin ɗan maƙwabcinsa, wanda bai koyi faɗuwa ba, kuma ba shi da kamfanin da zai biya masa kuɗin asibiti.

Kafin dattijon nan ya tashi a daren, ya miƙa wa mai shayi kuɗinsa da hannun hagu. Na lura yatsun damansa biyu ba sa lanƙwasuwa. Waɗanda suka yi masa ihu shekaru arba'in da suka wuce duk sun koma gidajensu. Shi ne har yau yake yanka nama da wannan hannun.