JARRABAWAR LISSAFI: A RIƘA TAMBAYAR YARO YADDA AKA YI YA SAMU AMSA

Ya ku 'yan'uwa 'yan Arewa mazauna Kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da Shagamu, har Anacha da Fatakwal. Na san da yawa daga cikinku kun baro iyali a gida, kuna fama da rana da ruwan sama domin ku aika da kuɗin littafi da na kayan makaranta. Idan zango ya ƙare aka karanto muku sakamakon yaro ta waya, abin da kukan ji shi ne ya ci maki kaza a lissafi, ya zo na kaza a aji. To, a kan wannan makin nake so mu tsaya yau, mu duba abin da yake aunawa da abin da yake bari a baya.

Zan kafa misalina da garin Jiwa, wanda yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, kusa da Gwagwa da Dei-Dei. Tsohon gari ne mai sarkinsa, yana nan tun kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke wannan yanki a shekarar 1976. Tun da hedkwatar ƙasa ta taso daga Ikko a 1991 jama'a suka yi ta kwarara can daga kowace kusurwa, har ya zamana yaran Jiwa sun yi kama da naku da ke Kurmi: harshen gida daban, harshen unguwa daban, na makaranta kuma daban. Abin da ya shafe su ya shafe ku.

Mu ɗauka malamin ƙaramar sakandare a Jiwa ya zana wa 'yan aji biyu jerin shaguna irin na kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, shago manne da shago. Shago ɗaya bango huɗu gare shi. Shago biyu bango bakwai, domin na tsakiya tarayya ne. Shago uku bango goma. Sai ya tambaya: shago goma bango nawa ne? Yaro na farko ya zana shagunan duka, ya ƙirga da yatsa, ya samu 31. Na biyu ya ce kowane shago bango huɗu ne, saboda haka 40. Yarinya ta uku ba ta zana kome ba, ta ce bangon farko guda ɗaya ne, kowane shago kuma yana ƙara uku, watau uku sau goma a tara da ɗaya, 31. Na huɗu ya ce bangon gaba goma ne, na baya goma, masu raba tsakani goma sha ɗaya, shi ma ya tashi da 31.

A takardar canki-canka, inda yaro zai zaɓi ɗaya cikin amsoshin da aka jera masa, mutum uku sun ci, ɗaya ya faɗi, magana ta ƙare. Alhali kuwa waɗannan ukun ba matsayinsu ɗaya ba. Idan aka ce shago ɗari, na farko zai cika takarda da zane har lokaci ya ƙure masa, yarinyar kuwa nan take za ta ce 301. Idan aka juya tambayar aka ce bango 61 shago nawa zai ba da, ita ce za ta cire ɗaya, ta raba sittin gida uku, ta ce shago ashirin. Ta riga ta kama aljabara tun kafin a rubuta mata harafi ko ɗaya a allo. Shi kuma wanda ya ce 40, lalle ya yi tunani, ya san ninkawa, abu guda ya kuɓuce masa: bangon tarayya. Malamin da ya ji bayaninsa zai gyara shi cikin minti biyu. Malamin da ya ga 40 kawai zai ja masa jan biro, yaron ya koma gida da sunan daƙiƙi, wata rana kuma ya jefar da littafin ya bi ku Kurmi tun bai isa ba.

Ra'ayina shi ne, a waɗannan shekaru uku na ƙaramar sakandare, bai kamata a ba yaro cikakken maki a irin wannan tambaya ba sai ya faɗi yadda aka yi ya samu amsarsa, kuma bai kamata a hana shi duka makin ba idan hanyarsa tana da ma'ana. Wannan ba baƙon abu ba ne a dokokinmu. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, ta yi umurni da a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kada a jingina makomarsa ga jarrabawar rana ɗaya. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa ƙaramar sakandare cikin shekaru tara na ilmin tilas kuma kyauta. Abin takaici shi ne a wurare da yawa awon kai a kai ya koma ƙaramar jarrabawa, ana maimaita irin tambayoyin da za a yi a babbar, yaro yana haddace hanyar da aka rubuta masa, yana mayar da ita kamar aku.

Kada wani ya ce mana wannan irin tunani daga ƙasar Turawa za a yi odarsa. Ku dubi hular da ke kanku: mai ɗinkin ya ƙirga zare, ya san gida nawa zai maimaita kafin zanen ya zagayo ya haɗu ba tare da giɓi ba. Ku dubi aska takwas a gaban babbar riga, da faifan da mata suke saƙawa, da dagin Arewa a jikin soro a Zariya da Kano. Ku ciro takardar naira ashirin, ku ga hoton Ladi Kwali, Bagwariyar da ta shiga cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, a 1954, zanen jikin tukwanenta ya kai sunanta Ingila da Amurka. Tun a 1732 wani malamin Katsina, Muhammadu ibn Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara hatimi. Hatimi mai gida tara, an zuba masa lambobi daga ɗaya zuwa tara, kowane layi yana tashi goma sha biyar. Me ya sa goma sha biyar? Domin jimlar lambobin 45 ce, layukan kuma uku. Malamin ya zauna ya bayyana ƙa'idar tsara hatimi mai gida tara, da mai ashirin da biyar, da mai arba'in da tara. Jikokinsa ne a yau ake cewa su zaɓi A ko B su wuce.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya karanta bayanin kowane yaro kullum ba, ga albashin da bai taka kara ya karya ba. Amma ba kullum ake nema ba. Tambaya ɗaya a mako ta isa, a raba makinta gida uku: kashi ɗaya na amsa, kashi ɗaya na hanya, kashi ɗaya na iya faɗin ƙa'idar da za ta yi aiki a kowane adadi. Kayan aikin kuwa tsinken ashana ne da marfin kwalba. Wasu kuma za su ce yaran ba su da Turancin yin bayani. To, a bar su su yi da zane, ko su yi da baki cikin Hausa ko Gwari, malami ya saurara. In Turanci ake son aunawa, yana da darasinsa da malaminsa.

Ina kira ga hukumar NECO da hukumomin ilmi na Abuja da na jihohi masu shirya jarrabawar kammala aji uku, da su ƙara yawan tambayoyin da ke neman dalili, domin abin da jarrabawa ta nema shi malami yake koyarwa. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana Sheda a yankin Kwali, cikin ƙasa ɗaya da Jiwa. Ya kamata ta tattara zane-zanen huluna da tabarmi da tukwane, ta mayar da su tambayoyi, ta raba wa malamai.

Ku kuma iyaye, naku aikin ba ya bukatar takardar shaida. Wanda ya san buhun albasa nawa ke shiga tirela, da yadda ake jera su kada su zube a hanyar Lakwaja, ya san lissafi. Idan ka kira gida a daren Juma'a, ko ka je hutun Salla, ka jera wa ɗanka tsinken ashana huɗu, ka ƙara uku, ka ƙara uku, ka tambaye shi na goma. In ya ba ka amsa, ka ce masa, yaya aka yi ka sani? Ka yi wa 'yarka wannan tambayar ita ma. Idan kuma ka samu zuwa taron iyaye da malamai, ka roƙi malamin cikin ladabi ya nuna maka takardar da yaron ya yi aiki a kai, ka ga inda ya dace da inda ya kauce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani, ya mayar da ku gida lafiya, amin.