Waiwaye: Kaifin da Ya Zame Musu Alaƙaƙai

A 1987, a ɗakin binciken Bell na Amurka, Theodore Fulton da Gerald Dolan suka ƙera wata 'yar mitsitsiyar mahaɗa: fallen alminiyam biyu, tsakaninsu siririn tsatsa da ilektiron ke iya ratsawa. Tsabar ƙanƙantarta ta sa lantarki ya daina kwarara, sai dai ilektiron su shiga ɗaiɗai, abin da masana Averin da Likharev suka riga suka hango a Mosko. Sharaɗi guda, sai an sanyaya ta ta kusa ƙurewar sanyi, in ba haka ba zafi ya rufe komai.

Abin da ya fi burge ni ya zo a 1992. A irin wannan sanyi, ilektiron ɗin alminiyam bibbiyu suke tafiya ba tare da turjiya ba. Sai ayarin Michael Tinkham a Harvard suka nuna cewa ɗan tsibirin alminiyam mai ilektiron wajen biliyan guda yana bambance cika da mara. In ɗaya ya rasa abokin tafiya, awo zai tona shi. Ɗaya cikin biliyan fa!

Kan wannan kaifi Yasunobu Nakamura da abokan aikinsa a kamfanin NEC na Japan suka gina kubit, wato ƙwayar lissafin kwamfutar kwantam, a 1999. Ya yi aiki, amma ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa bai kai ba yake wargajewa. Duk cajin da ya motsa cikin tsatsar ko a ƙarƙashin na'urar, sai ya ji shi, tamkar sikelin zinariya da numfashin mai awo ke girgizawa.

An sha fama wajen kashe wannan hayaniya ta caji. A 2007 masanan Yale suka sake dabara, suka jingina wa mahaɗar babban kafasita, wato ma'ajin caji, don ta daina jin cajin, suka kira abin transmon. Da gangan suka dakushe abin da aka yi shekara ashirin ana wasawa. A ganina wannan ya fi ƙirƙirar wuya, domin mutum ba ya son sakin abin da ya yi suna da shi. Kuma ba don shekarun wasawar ba, da ba su san iya dakushewar da za ta wadatar ba.

Transmon ne a cikin kwamfutar Sycamore ta Google mai kubit 53 a 2019, haka ma injinan IBM. Ilektiron marar aboki kuwa har yau yana ɓata lissafi, musamman idan burbushin da ke faɗowa daga sararin samaniya ya raba masu tafiya bibbiyun.