Renon Bishiyar Fir a Kwalba: Abin Lura ga Malamin Gona

Bishiyar fir ba ta ƙasarmu ba ce, ta ƙasashe masu sanyi ce. A Danmak ana nomanta domin sayarwa lokacin bikin Kirsimeti. Nau'in da suka fi shukawa, wato Nodman, asalinsa tsaunukan Kokasus ne, kuma daga ƙasar Jojiya ake samo yawancin irin. Manomi kan jira kimanin shekara 10 kafin ya sare, ya tarar wasu sun miƙe, wasu ba su da fasali. Reshenta kuma da wuya yake yin saiwa.

Wannan ya sa masana suka koma ɗakin gwaje-gwaje. Sukan ciro ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar iri, su ɗora shi a kan abinci mai sukari da ma'adinai da sinadaran girma, cikin kwalba marar ƙwayar cuta. Nan zai yi ta ninkuwa har a sami dubban tsirrai masu kama ɗaya. A shekarar 1985 aka fara cin nasarar wannan dabara a kan wata 'yar uwar fir, mai suna sifurus.

Ga inda nake so ka lura, ya kai malamin gona. Tun da daga ƙwayar iri aka fara, babu mai sanin ingancin bishiyar tukuna. Saboda haka sukan daskarar da wani kaso cikin ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su dasa sauran a gona, su jira shekaru. Wanda ya yi kyau shi ake narkarwa a yawaita. A ganina wannan haƙurin ya fi kwalbar muhimmanci.

Kwakwar manja ta nuna illar gaggawa. A Maleshiya, cikin shekarun 1980, wasu bishiyoyin da aka rena a kwalba sun girma lafiya, amma 'ya'yansu suka fito a gurɓace, ba man kirki. Sai a 2015 aka gano sanadin.

Mu dabino ne ya fi buƙatar dabarar, domin idan an shuka ƙwallo kusan rabi maza ne, kuma ba a ganewa sai ya yi fure. To, idan aka kawo wa manomanka dashen kwalba, tambayi a ina aka gwada nau'in a gona, kuma shekara nawa ya yi yana 'ya'ya. Tabbatar an saba masa da iska da rana a inuwa kafin dashe. Kada kuma a cika gona da nau'i ɗaya, domin cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka.