Fatar Jaki Da Bayan Jaki

A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka taru a Adis Ababa, suka zartar da hana yanka jakuna domin fatarsu. Wannan magana ta shafi fatake da manoma ƙwarai, ya kamata a san asalinta.

Tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce aka fara horar da jaki a gabashin Afirka, har yau bai huta ba. Da shi fataken dā suka kai kanwa Gwanja, suka komo da goro. Shi ke kai taki gona a mangala, ya ɗauko ruwa da itace, ya bi hanyar da mota ba ta bi. Ga haƙurin ƙishirwa, ga ƙanƙancin ci, kara da dusa sun ishe shi.

Abin da ya tayar da fitina shi ne wani magani na mutanen Sin, wanda ake dafa fatar jaki har ta zama danƙo, a ce yana ƙara jini. Jakunan Sin sun kai miliyan 11 wajen 1990, suka ragu ainun, sai dillalai suka juyo Afirka. A 2016 Nijar ta ga an fitar da jakuna 80,000 tun shekara ba ta ƙare ba, alhali a 2015 an fitar da 27,000 ne kawai. Kuɗin jaki ya ninka, talaka ya kasa saye, gwamnati ta hana fitarwa. Burkina Faso ma ta hana a shekarar.

To, ga inda lissafi ya ɓaci. Jaka tana ɗaukar ciki wata 12, ta haifi ɗa ɗaya, shi kuma sai ya shekara uku kafin ya isa ɗaukar kaya sosai. Wuƙa kuwa ba ta jira. Saboda haka kiwo ba zai cim ma yanka ba. Wanda ya sayar da jakinsa don tsadar fata, kallon kitse ya yi wa rogo: fata sau ɗaya ake cin kuɗinta, bayan jaki kuwa shekaru yake ciyar da gida. In jaki ya tafi, tulu da damin itace kan mata da yara suke komawa.

Akwai kuma batun naman. Malamai sun san an hana cin naman jakin gida tun ranar Haibara, shi ne mashhurin mazhabar Malikiyya. In an feɗe fata, ina naman ya nufa? Mai sayen banda ya san hannun da ya saya.

Doka ta fito daga Adis Ababa, amma a kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari za a gane ƙarfinta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillali ya binciki mai saye, sarkin kasuwa ya sa ido, malami ya yi gargaɗi. Allah Ya kyauta, amin.