Ziyarar Madina da Haƙƙin Tsofaffin Alhazanmu

Duk mai bibiyar al'amuran ƙasar Saudiyya ya san cewa tun daga watan Satumbar 2019, lokacin da ta fara bayar da bizar yawon buɗe ido, ƙasar ta shiga zawarcin baƙi ba kama hannun yaro. A shekarar 2021 manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suka fara zirga-zirga daga tashar Jidda, sannan a watan Disambar 2024 Saudiyyar ta ƙaddamar da nata na kanta mai suna Aroya, wanda ke ɗaukar fasinja sama da 3,000. Irin waɗannan jirage masauki ne sukutum a kan ruwa: a kwana ana tafiya, gari ya waye an ya da zango a wata tasha, a sauke fasinjoji a zaga da su cikin birni, kafin faɗuwar rana a mayar da su. A 2024 kaɗai mutum sama da miliyan 34 ne suka yi irin wannan tafiya a duniya, kuma da dama daga cikinsu tsofaffi ne 'yan fansho.

Na san mai karatu zai ce mu da ba mu da teku, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu shi ne, a ƙasar da ake tarairayar waɗancan tsofaffi, a nan namu iyayen daga Talatar Mafara da Bakura da Maradun suke sauka duk shekara, su ma ana zuba su a mota a zaga da su, sai dai mu ziyara muke ce wa tamu zagawar. Ina so mu ajiye biyun kusa da juna mu duba.

Kafin tsohuwar Baturiya ta biya kuɗin fita gari daga jirgi, sai an rubuta mata awa nawa za a yi, tafiyar ƙasa nawa ke ciki, akwai matattakala ko babu, keken marasa lafiya zai iya bin hanyar ko ba zai iya ba. Kamfanonin kan kasa fitar hawa-hawa: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai wahala, kowa ya zaɓi daidai ƙarfin gwiwarsa. Kowace mota da jagoranta mai lasisi wanda ke jin harshen mutanen cikinta, sau da yawa kuma akan raba musu 'yar na'urar saƙalawa a kunne domin wanda ya yi baya ya ji bayani kamar na gaba. Ba a tashi daga wuri sai an ƙirga kawuna, kuma idan motar kamfanin ta makara, jirgin ne ke jiranta. A Jidda tsohon gari ake kai su, wato Al-Balad, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. A nuna musu Gidan Nasif da tagogin katako na tsofaffin benaye, a tsaya da su a Ƙofar Makka a ba su labarin ayarin alhazan da suka riƙa fita ta nan a kan raƙuma. Wato ɗan yawon buɗe ido ya san tarihin alhaji, alhajin kansa kuwa sai abin da hali ya yi.

Ba ina cewa kamfanonin nan tausayi ne ya yi musu yawa ba. Kuɗi suke nema, suna tsawwala farashi, kuma sun iya karkatar da baƙo zuwa shagon da aka yi musu alkawarin la'ada. Ƙasar Italiya ma sai da ta hana manyan jiragen ratsa tsakiyar birnin Benis a 2021 saboda ɓarnarsu. Abin da ya dame ni kawai shi ne sun gane cewa tsoho ba ya tafiya irin ta yaro, suka gina tsarinsu a kan wannan.

Mu dawo gida. Ƙananan hukumomin nan uku da na ambata su ne ke shan ruwan madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, kuma akasarin maniyyatansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Manoman shinkafa ne da masu kiwo da 'yan kasuwar ƙauye, da tsofaffin mata da 'ya'yansu suka yi karo-karo suka biya musu. A 2025 kujerar Hajji daga Arewa ta haura naira miliyan 8. Mai karatu ya lissafa buhun shanshera nawa ke nan, kuma noman rani nawa za a yi kafin a tara su a yankin da 'yan bindiga suka sa zuwa gona ya zama kasada. Shi ya sa mutuminmu ba ya samun zuwa sai gemu ya yi fari, hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa sun riga sun kama gida. Da yawansu wannan ce tafiyarsu ta farko a jirgin sama, kuma su da kansu sun san da wuya su sake.

To, yaya ziyarar take kasancewa? Ana kai su, ba na musun wannan, kuma akwai malamai da jami'ai masu tsoron Allah da ke bin motoci suna bayani iya ƙoƙarinsu. Matsalar ita ce abin ya zama sa'a: wata motar ta dace da malami, wata kuma daga direba sai alhazai. Shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali, motarmu irin ta biyun ce. Direban ba ya jin Hausa, mu ba mu jin yarensa, duk inda ya tsaya sai ya ɗaga yatsu ya nuna agogo, mu gane mintocin da ya ba mu ke nan. A Uhudu muka sauka rana ta take, jama'a suka nufi ɗan tsaunin nan da kowa ke hawa, aka yi hotuna, aka sayi tsaraba, aka dawo a guje. Bayan mun zauna, wani dattijo daga wani ƙauyen Maradun da ke gefena, yana haki, ya dafa ni ya ce, "Ɗana, wanga dutsi da munka hau, shi na Uhudun?" Na ce, "A'a Baba, Uhudu shi ne babban da ke gabansa, wannan Dutsen Maharba ne." Ya yi shiru, can ya ce da ya sani da ya tsaya ya dubi babban da kyau.

Wannan dattijo tun yana yaro yake jin labarin yaƙin Uhudu a majalisin tafsiri da na maulidi. Ya san sunan Sayyidina Hamza kamar sunan mahaifinsa. Allah Ya kawo shi har wurin, ya taka inda Manzon Allah (SAW) ya tsayar da maharba 50 a ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair a shekara ta 3 bayan Hijira, ya ga kwarin da Khalid bin Walid ya zagayo ta bayansa da dawakai lokacin da yawancin maharban suka bar wurin, ya wuce ta gaban maƙabartar da Hamza da Mus'ab bin Umair da sauran shahidai kusan 70 suke kwance, amma babu wanda ya haɗa masa abin da kunnensa ya sani da abin da idonsa ke gani. Bayanin minti goma ya ishe shi, da ya koma gida da abin da zai ba jikokinsa har ƙarshen rayuwarsa. Haka yake a Ƙiblataini, inda aka juya alƙibla daga Baitil Maƙdis zuwa Ka'aba, haka yake a wurin yaƙin Gwalalo na shekara ta 5, inda Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙa ramin. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A Ƙuba ma, inda alwala da raka'a biyu suka kawo mutum, na ga tsohuwa tana layin banɗaki har motarta ta fara hon.

Lokaci ma ya ƙara ƙurewa. A da alhazanmu kan yi kwana 8 a Madina domin cika salloli 40, amma a 2023 hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta rage kwanakin zuwa 5 domin a samu wurin sauke na baya. Ba na ganin laifin wannan mataki, sai dai idan kwanaki sun ragu, wajibi ne tsari ya ƙaru. Shiga Rauda kuma yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk. Wanda duk wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, idan jami'i bai nema masa ba, sai dai ya hango koren tulluwa daga waje.

Akwai masu cewa ai ziyara ba rukuni ba ce, ba kuma wajibin Hajji ba ce, don haka me ya sa za a ɓata kuɗi a kanta? Gaskiya ne, wanda bai je Madina ba Hajjinsa ya yi. Amma wannan hujjar tawa ce, ba tasu ba. Rashin jagora ne ke sa tsoho ya kasa bambance abin da aka so ya yi da abin da ba a ɗora masa ba. A Makka za ka ga mai shekara 70 ya ɗaura aniyar hawa Jabalun Nur zuwa kogon Hira, hawan da ke kayar da samari, kwana kaɗan kafin Arfa, saboda ya ji a masauki cewa wane da wane sun hau. Ƙarfin da ya kamata ya adana wa Mina da jifa, a can zai zubar da shi. Kada mu manta a Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun tabbatar da rasuwar mutum 1,301, yawancinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba, suka yi doguwar tafiya a rana ba mota ba inuwa. Jagora nagari rabin aikinsa shi ne ya ce, "Baba, nan ba sai kun hau ba, ku zauna a inuwa in ba ku labarinsa." Saɓanin malamai a kan wasu wuraren kuwa ba zai hana komai ba, domin Masallacin Annabi da Ƙuba da Baƙi'a da shahidan Uhudu babu mai jayayya a kan ziyartarsu.

Abin mamaki, wannan sana'a ta jagora ba Turawa suka koya wa Musulmi ita ba. Shekaru aru-aru Makka tana da muɗawwifai, Madina tana da nata da ake kira adilla, gidaje ne da suka gaji karɓar baƙi daga wata ƙasa takamaimai, suna jin harshensu, suna kai su ko'ina. Mu kuma Allah Ya yi mana gata biyu: ga Hausawan da kakanninsu suka zauna a Hijaz tun zamanin tafiyar ƙasa, ga ɗalibanmu a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, masu jin Larabci da Hausa, masu sanin sira, masu sanin lungunan garin. Da yawansu suna taimakawa don Allah. Ra'ayina shi ne a daina dogaro da don Allah kawai: a ɗauke su aiki a rubuce, a ba su horo, a biya su, a ce wa kowa ga motarka, ga sunayen mutanenka, kai za a tambaya idan ɗaya ya ɓace. A nemi mata a cikin jagororin, domin akwai larurar da hajiya mai shekara 65 ba za ta taɓa faɗa wa saurayi ba, gara ta ƙi shan ruwa tun asuba, wanda shi ne babban haɗarin. Idan aka ce babu kuɗi, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a jihohinmu na Arewa ana raba kujeru da sunan jami'ai ga mutanen da alhaji ba ya ganin ƙeyarsu sai a filin jirgi. Kuɗin kujera ɗaya irin wannan zai biya jagorori da yawa.

Amma gyaran na gaskiya a gida zai fara, a wurin bita. Malaman bita a Mafara da Bakura da Maradun suna ƙoƙari wajen koyar da ɗaura harami da ɗawafi da sa'ayi, har da kwaikwayon Ka'aba a fili. Me zai hana a ware zama guda domin ziyara, a nuna hotunan wuraren a bango, a ce wannan shi ne Uhudu, wannan shi ne Dutsen Maharba, daga masallaci zuwa can kusan kilomita 5 ne? A nan ne kuma jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, wanda ya san mutanensa gida-gida, zai ware masu rauni tun kafin a tashi, ta yadda a Madina za a ba su motarsu daban, ta fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ta tsaya a wurare kaɗan amma ta daɗe a kowanne, da ruwa da ma'aikacin lafiya da keke ko biyu a ciki. A yanzu jerin sunayen jirgi ne ke raba mutane a motoci, sai ka ga ɗan shekara 30 da ɗan shekara 80 an ba su minti ɗaya. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talatar Mafara za ta iya shirya gajeren kwas na makonni ga malaman bita da 'yan agaji a kan kula da tsofaffi a tafiya, idan hukumar alhazai ta jiha ta nema.

Kasuwar dabino kuwa, wadda wasu direbobi ke ba ta lokaci fiye da Ƙuba saboda abin da su suka sani, a cire ta daga ranar ziyara, a ba ta yammacinta daban. Kuma tunda maniyyaci ya biya kuɗin zirga-zirgarsa a cikin kuɗin kujera, ina roƙon hukumar alhazai ta Jihar Zamfara ta haɗa masa da takarda guda a cikin jakar da take raba masa, a rubuce da boko da ajami: wuraren da za a kai shi a Madina, ranar da za a kai shi, mintocin da zai yi a kowane wuri, da sunan jagoran motarsa.