Maɗauri: Kalmar da Ta Kamata Ta Shiga Bakin Ɗalibin Hausa

Idan hunturu ya kankama a Paraku da Jugu, daga Disamba zuwa Fabrairu, mutanen Zango kan shigar da kaskon garwashi ɗaki su ja ƙofa. Al'ada ce da Hausawa suka saba da ita tun zamanin da fatake ke yada zango a Jugu kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Sai dai gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta wadace shi ba yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda kan kashe mai barci. Bayanin yadda take kisa yana cikin kimiyyar sinadarai, kuma ya kamata a iya yin sa da Hausa.

Ga yadda abin yake. A cikin jini akwai himogulobin, a tsakiyar kowane sashe nasa kuma akwai ƙwayar ayon, wato baƙin ƙarfe, mai gurbi shida. Huɗu suna riƙe da naitirojin na zoben da ya kewaye ta, na biyar yana haɗe da jikin furotin, na shida kuwa an bar wa oksijin. Duk abin da ya zauna a irin wannan gurbi, masana suna kiransa ligan, daga kalmar Latin mai ma'anar ɗaurewa. Alfred Werner ne ya shimfiɗa tushen wannan ilimi a 1893, ya kuma sami kyautar Nobel a 1913.

Hausa tana da kalmar da ta dace: maɗauri, jam'i maɗaurai. Ginin kalmar sananne ne, irin na mabuɗi da makulli, inda ɗafa-goshin ma- ke fitar da sunan kayan aiki daga aikatau. Wanda ya ji ta ya riga ya fahimci rabin darasin, domin ya san ɗauri yana da mai tsauri da mai sako-sako, ya kuma san ana kwance wani a ɗaura wani.

Wannan musanya ita ce zuciyar batun. Oksijin maɗauri ne mai sassauci, shi ya sa jini ke ɗaukarsa a huhu ya sauke shi a gaɓoɓi. Kabon monoksaid kuwa yana kama gurbin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, saboda bayan ya miƙa wa ƙarfen ilektiron, ƙarfen ma yana mayar masa da wasu, ɗaurin ya zama na ba-ni-in-ba-ka. Bugu da ƙari, da ya kama gurbi ɗaya, sauran guraben sukan ƙanƙame oksijin ɗinsu su ƙi sakinsa. Amma yawa yana rinjayar ƙarfi: shi ya sa ake gaggauta fitar da wanda abin ya shafa sarari, a asibiti kuma a ba shi tsantsar oksijin don ya ture gubar.

Wasu za su ce a Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, da Faransanci ake koyarwa, don haka ligan ce za ta fisshe ɗalibi a jarrabawa. Gaskiya ne, kuma babu laifi ya riƙe duka biyun. Amma tsohuwar da ke hura garwashi don jikokinta ba a ɗakin jarrabawa take ba. Abin da za ta gane shi ne a ce mata iskar gawayi tana ƙwace mazaunin numfashi a jini, ta ɗaure tam, don haka a bar taga a buɗe, a fitar da kasko kafin barci, kada kuma a kunna janareta a cikin ɗaki. Ɗalibin Hausa da ya iya faɗin wannan daidai ya yi wa harshen hidima, ya kuma yi wa Zango.